Zauren Tsuntsu: Tsokaci Kan Masu Farauta da Kyamara

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan hoto ya yi araha. Abin da a da sai an yi wanka an sa babbar riga an tafi shagon mai hoto, sannan a jira kwanaki kafin a wanke, yau yana cikin aljihun kowane ɗalibi da kowane ɗan acaɓa. Daga cikin abubuwan da wannan araha ta haifar akwai wata ɗabi'a da ta fara kama wasu daga cikinmu, malamai da ɗalibai da ma'aikata, wato fita bayan gari da sanyin safiya ko bayan la'asar, a bi hanyar gonaki zuwa fadama ko bakin dam, don kawai a ɗauki hoton tsuntsaye da ƙananan namun jeji. Mu ma muna cikin masu wannan fita, kuma mun sha jin yabon da ake yi mata. Akan ce ai gara haka da yawon danƙo. Yaron da jiya yake harbin kurciya yau hotonta yake ɗauka, ya dawo gida, ita ma ta koma sheƙarta, babu wanda ya yi asara. Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Ɗaya rabin ne muke so mu tattauna da mai karatu, domin kalmar da Bahaushe ya zaɓa wa wannan aiki ita ce ɗauka, kuma duk inda aka ce an ɗauka, to akwai wanda aka ɗauka daga wurinsa. Me muke ɗaukowa daga tsuntsun nan, kuma da izinin wa?

Bari mu fara ba rabin gaskiyar haƙƙinsa. Mu da muke koyarwa mun san yadda yaranmu suka jahilci abin da ke kusa da su. Ka ce wa ɗan aji uku ya lissafa maka namun daji, zai fara da zaki da giwa da raƙumin dawa, dabbobin da bai taɓa gani ba sai a littafi. In ka tambaye shi inda suke, ya ce Yankari. Yankari kuwa, tun da aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, yara nawa ne cikin dubban da suka ratsa azuzuwanmu suka taɓa taka ta? Amma shi wannan yaron bai san bambancin kurciya da hasbiya ba, kuma duk abin da ke da fiffike bai kai tattabara girma ba, sunansa tsuntsu ke nan a wurinsa. Kakansa ya san marai, ya san suda da ragon maza da carki da cilakowa, ya san lokacin zuwan kowanne da abin da kukansa ke gaya wa manomi. Masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 900 a Nijeriya, kuma da damansu ba sai an shiga mota za a gan su ba. Suna kan tsamiyar bayan makaranta da gawon da ke tsakiyar gona da kududdufin da muke zuba wa shara.

Kyamara tana tilasta wa mutum ya tsaya, wannan shi ne babban alherinta. Wanda ya yi shekara arba'in yana wuce ƙadangare a kan katanga, sai ranar da ya nemi hotonsa zai lura cewa jan kan namijin yakan sauya, wani lokaci ya ƙara haske, wani lokaci ya dushe. Wanda ya zauna jiran kurege ya fito daga rami zai gane cewa jelar nan tasa laima ce da yake karewa da ita daga rana. Ɗalibin da ya dawo da hoton wani tsuntsu da bai sani ba, dole ya je ya durƙusa gaban wani tsoho ya tambayi sunansa, kuma ta haka wata kalma da ta kusa mutuwa takan sami wani baki da za ta ƙara rayuwa a ciki. Mu marubuta ya kamata wannan ya fi damunmu, don harshen da ya rasa sunayen tsuntsayensa ya rasa karin maganarsa da yawa. Yaya za ka fahimtar da yaro kirarin hankaka mai da ɗan wani naka, alhali bai taɓa tsayawa ya dubi hankaka ba?

To amma fa kada wannan ya rufe mana ido. Ɗaukar hoton namun jeji ɗan farauta ne na cikinta, kuma tarihinsa bai ɓoye haka ba. Kafin kyamara ta yi ƙarfi, mai son ya adana kamannin tsuntsu sai ya kashe shi. John James Audubon, mashahurin mai zanen tsuntsayen Amurka wanda aka buga babban aikinsa tsakanin 1827 da 1838, harbe tsuntsayen yake yi, ya soke su da waya ya tsayar da su kamar masu rai, sannan ya zana. A 1882 wani masani ɗan Faransa mai suna Marey, da yake son ya gane yadda tsuntsu ke kaɗa fukafukai a sama, ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga, da gindin da ake dafawa a kafaɗa da kunamar da ake ja, tana ɗaukar hoto goma sha biyu a cikin daƙiƙa ɗaya. A Ingila kuma, wajajen 1900, wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Kearton, waɗanda suke cikin na farkon masu wannan sana'a, sun sa an ɗinka musu fatar sa a kan katako, ɗayansu ya shiga ciki da kyamara ya yi lamo a makiyaya har tsuntsaye su sake da shi. Duk wanda ya san maharban ƙasar Hausa zai yi murmushi a nan, domin dabarar burtu ce. Maharbinmu yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa tafiya a duƙe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya isa inda kibiya za ta kai. Makamin ne ya sauya. Sanɗar tana nan, bin bayan iska yana nan, bugun zuciya lokacin da naman ya tsaya daidai yana nan, kuma alfaharin da maharbi ke yi a dandali da fatar da ya kawo, shi ne muke yi a Facebook da hoton da muka kawo.

Ba mu kawo wannan don mu aibata farauta ba, sana'a ce mai asali. Mun kawo shi ne don mai kyamara ya san zuciyar da yake ɗauke da ita zuwa jeji, zuciya ce mai son ta samu. Irin wannan zuciya in ba a sa mata iyaka ba, kullum tana cewa ƙara taku ɗaya.

Iyakar kuwa tsuntsun da kansa ya riga ya shata ta. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, ya yi bayani a 1934 cewa kowace dabbar jeji tana da wani nisa da take yarda abokin gaba ya matso, in ya ƙetare shi sai ta gudu. Mu a nan ba mu buƙatar dogon bayani kafin mu gane wannan, domin a kansa muka gina gidajenmu. Baƙo yana tsayawa a ƙofa ya yi sallama, a shigar da shi zaure, daga nan kuma ba ya ƙara gaba sai an ce ya shigo. Tsuntsu ma yana da zaurensa, sai dai babu bango. In ka doshi kurciya tana tsince a ƙasa, za ka ga ta fara ɗaga kai, ta daina ci, ta juya maka gefe tana dubanka da ido ɗaya. A nan ka iso ƙofar zaure, kuma ta gaya maka. Taku biyu bayan wannan, sai ta tashi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa game da wannan zaure shi ne faɗinsa ba ɗaya ba ne, kuma mu ne muke faɗaɗa shi ko mu taƙaita shi. Balbela tana kiwo a tsakanin ƙafafun shanu, ɗan Fulani yana tsaye da sandarsa ba ta ko kula shi. Fakara kuwa tun kana nesa take firgita ta tashi, domin ita ta san tukunya. Dubi shamuwa. Tana isowa daga kudancin Afirka dab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan itacen tsakiyar gari, wani lokaci ma a cikin gida, yara na wasa a ƙarƙashinta, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta ta raine su da fara, ta koma in kaka ta yi. Me ya ba ta wannan sakewa? Kakanni da jikoki sun yi ɗaruruwan shekaru suna hana yaro ya jefe ta. Ashe ke nan nisan da tsuntsayen gari ke bari tsakaninsu da mutane shaida ce a kan halin mutanen garin, shaidar da ba a iya saye. Duk wanda ya kori tsuntsu don neman hoto ya ƙara wa wannan nisa wani ɗan taƙi, kuma wanda zai zo bayansa ne zai tarar da ƙarin.

Mai karatu zai ce, to in ta tashi sai me? Ai ta sauka a wata bishiyar. A yawancin lokaci haka ne. Amma akwai lokutan da tashin nan yake da tsada, kuma su ne daidai lokutan da hoto ya fi kyau, shi ya sa jarrabawar take da wuya. Ɗauki cilakowa. In za ta yi ƙwai, macen takan shiga kogon itace, a liƙe bakin kogon da laka da kashinta har sai ɗan tsagi ya rage, iya wanda baki zai shiga. A ciki take zubar da gashin fukafukanta, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, makonni tana kulle ba ta iya tashi. Duk abin da za ta ci, ita da 'ya'yanta, namijin ne ke kawowa ya miƙa ta tsagin. Babu hoton da ya kai na wannan miƙawa daɗin kallo, kuma babu mai sauƙin samu kamarsa, tunda ka san inda namijin zai dawo. Sai ka tsaya a gindin itacen ka saita waya. Shi kuma yana can kan wani reshe da fara a baki, yana dubanka, ba zai sauko ya nuna maka gidansa ba. Kai kana ganin haƙuri kake yi. Awa guda da ka yi a tsaye, awa guda ce ta yunwa ga waɗanda ke cikin kogon, kuma ba za ta fito a hoton ba.

Haka abin yake ga masu ƙwai a ƙasa a bakin ruwa, irin su zakaran ƙeƙuwa. A bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, zaman uwa a kan ƙwai inuwa take yi musu, wasu ma har sukan je su jiƙo gashin cikinsu su dawo su sanyaya su. Ka tashe ta na 'yan mintoci, rana ta gama aikinta. In rana ba ta yi ba, hankaka yana sama yana lura da inda ka tsuguna. Saboda irin wannan ne dokar kare namun jeji ta Birtaniya ta 1981 ta haramta damun wasu tsuntsaye a sheƙarsu, har mai hoto sai ya nemi lasisi. Mu kuwa muna da abin da ya riga wannan doka da ƙarni goma sha uku. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai a wata tafiya sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi tana karkaɗa fukafukai. Da Manzon Allah (SAW) ya gani, sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. A lura, ba a kashe kowa ba a wannan labari. Tayar da hankalin shi kansa aka ɗauka laifi.

Akwai kuma wata dabara da wayar zamani ta kawo, wadda mu a ganinmu ta fi duk waɗannan muni, ko da yake ita ce ta fi kama da wasa. Ana sauko da kukan tsuntsu daga intanet, a je jeji a kunna. Namijin da ke da wannan yanki sai ya ji kamar wani ya shigo masa gida, ya bar abinci ya bar sheƙa ya fito fili yana kuka yana neman abokin faɗa, mai waya kuma ya samu hotonsa baki buɗe, a yi ta yaba masa. Wannan ƙarya ce aka yi wa halitta da harshenta. In da wani zai kwaikwayi muryar ɗanka yana kuka a ƙofar gida don ka fito a guje ya ɗauki hoton fuskarka, wane suna za ka ba shi?

A nan akwai wani ƙorafi da ɗalibanmu kan kawo, kuma yana da nauyi. Sukan ce, Malam, ai wannan ladabin na masu kuɗi ne. Baturen da ya zo da kyamara mai jawo nesa kusa, wadda kuɗinta ya haura albashin malamin makaranta na shekara, zai tsaya can nesa ya ƙirga gashin idon tsuntsu bai dame shi ba. Mai waya kuwa in bai matsa ba, ɗigo kawai zai samu a tsakiyar ganye. Wato shi mai hali ya sayi tsarkinsa a kanti, talaka kuma aka ce ya haƙura. Gaskiya ne, kuma ba a jeji kaɗai ake ganin haka ba. Amsar da muke ba su ita ce akwai hanyoyi biyu na rage nisa: ko kai ka je wurin tsuntsu, ko tsuntsu ya zo wurinka. Ta biyun lokaci take ci, kuma lokaci ne abin da ɗan unguwa ya fi baƙo. Baƙo yana da kwana uku, kai kana da shekara. Ka zauna a wuri ɗaya, gindin ɓauren da ya nuna ko gefen wani ɗan ruwa a tsakiyar rani, da riga marar haske, yau da gobe da jibi, har tsuntsayen wurin su lissafa ka cikin kututture. Ranar da ɗan tsuntsu ya sauka kamu uku daga ƙafarka ya sha ruwa, shi ya shigar da kai zaure da kansa. Sannan ma wa ya ce ɗigon nan a tsakiyar ganye ba hoto ba ne? Hoton da ya nuna tsuntsu da itacensa da gonar da ke bayansa ya fi faɗin gaskiyar rayuwarsa a kan wanda ya yanko kansa kaɗai kamar na fasfo.

Wani kuma zai ce duk wannan iyayi ne. Ana sare itatuwa ana gawayi, jan-baki na cinye wa manoman Jigawa da Yobe da Kabi shinkafa da gero har sai an yi musu feshi da jirgi, ana sayar da soyayyun tsuntsaye a tasha, sai malamin makaranta ya zo yana kukan an tashi kurciya daga kiwo? Mun yarda ɓarnar mai kyamara ƙarama ce in an auna ta da ta mai gatari. Sai dai manomin da ke korar jan-baki yana kare abincin iyalinsa ne, maharbi ma yana da tukunyar da ke jiransa, kuma ko shi farautar gargajiya ta sa masa lokaci, sai rani bayan an kawar da amfanin gona. Mai hoto ba shi da uzurin yunwa. Sha'awa ce ta fito da shi, kuma yana iƙirarin ƙauna ce. Wanda ya ce ƙauna ta kawo shi, ai ma'auninsa ya fi na wanda ya ce buƙata ta kawo shi tsanani. Mu malamai kuma abin da ke gabanmu ya wuce kurciyar. Yaron da ya saba cewa abin da idonsa ya so hakkinsa ne ya samu, ko mai abin ya so ko ya ƙi, da wayar nan zai dawo cikin gari, inda akwai mata a bakin rijiya da marar lafiya a kwance da wanda ya yi hatsari a kan titi. (Tunda mun ambaci gari, mai fita da kyamara a wannan zamani na rashin tsaro ya kyautu ya gaida mai unguwa da masu gonakin da yake ratsawa, su san fuskarsa da abin da ke kai shi.)

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi wuyar warwarewa. Duk wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan ya tashi ya ga ungulu a kowace mahauta da kowace kasuwa, jere a kan rufin kwano, har ana korarta da dutse. Ba mu san wanda ya taɓa ɓata fim a kanta ba. Wa zai ɗauki hoton ungulu? Yau sai ka zagaya mahautun manyan garuruwanmu ba ka ga ko ɗaya ba, kuma babu wanda zai iya gaya maka shekarar da ta tafi, domin babu wanda yake kallo. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun garuruwanmu a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Daga cikin dalilan akwai guba da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, da kuma cinikin kanta da sassan jikinta a wurin masu tsibbu. Da can in an ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya ana nufin abu ya koma inda ya saba, yanzu tsamiyar ce ke nan ba ungulun.

Wannan ya nuna cewa hoton abin da ke kusa, abin da aka raina, yana iya zama shaida wata rana. A ƙarshen 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai masu rubuta abin da suka gani a yankunansu, kuma samarin Arewa sun taka rawa a ciki. Ga irin wannan aiki, hoton ungulu ɗaya mai kwanan wata da sunan wuri yana da daraja ƙwarai. To amma hoton da ke gaya wa masani inda ungulu ta rage, shi ne kuma ke gaya wa mai tarko. Wayar ma takan liƙa wa hoto adireshin inda aka ɗauke shi ba tare da mai ita ya sani ba, kuma ko ba ta liƙa ba, ɗan gari yana ganin rimin da ke cikin hoton zai gane na wace unguwa ne.

Saboda haka wanda ya yi sa'ar gano sheƙar ungulu a yawonsa na safe ya shiga tsaka mai wuya. Hoton da ya fi kowanne daraja a wayarsa shi ne wanda bai kamata ya baza ba. Abin da muke gani shi ne ya aika wa masanan da ke tattara bayanai, waɗanda suka san abin da za su yi da shi, ya hana wa dandalin da za a tafa masa. Mun san abin da muke nema ba ƙarami ba ne, don a tafa ɗin ne ya fitar da yawancinmu daga gida tun farko, kuma babu tabbacin shirunsa zai tsirar da ita, tunda mai tarko ma yana da idanu. Ungulu dai ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta yi kusan kwana hamsin tana kwanci a kansa, sannan ɗan ya yi wata uku ko fiye a sheƙa kafin ya iya tashi.